Yatsan Inna a Cikin Littafi

Tun ina ƙarama ba na iya karatu shiru. Ko ni kaɗai ce a ɗaki sai leɓena ya motsa, in labari ya yi zafi har murya ta fito ban sani ba. Gwaggo, ƙanwar Baba wadda ta riƙe mu ni da Yaya a Mayahi, takan leƙo ta ce, "Ke da wa kike faɗa?" In ce da littafi. Ta ce, "To Allah shi shirya ku, ke da shi."

A lakwal, makarantar boko, da Faransanci muka koyi karatu. Sai da na shiga kolej na fara riƙe littafin Hausa, wani mai yagaggen bango da wata ƴar ajinmu ta ara mini. Shafin farko ya ba ni wuya, don ina ta kiran haruffan da bakin Faransanci, maganar ta ƙi zama. Kwana biyu sai kunnena ya gane. Ashe magana ce irin wadda ake yi a tsakar gidanmu, wani ya zauna ya zuba ta a takarda. Daga ranar ban sake zama ba littafi kusa da ni ba.

Da na gama karatun malanta aka turo ni Tasawa, a nan na yi aure, a nan nake koyarwa har yau. A bakin tasha akwai wani dattijo mai tebur, yana sayar da batir da carbi da littattafan da direbobi ke kawo masa daga ƙetaren iyaka ta Maraɗi. Shi bai iya karatun boko ba, amma ya san kowane littafi ta yadda mata ke komowa suna maganarsa. Yakan ɗaga ɗaya ya ce, "Madam, wanga ya sa mata uku kuka." Ko ya ture wani gefe ya ce, "Wanga ba naki ba ne, surutu ne."

Duk Asabar bayan la'asar mukan taru a gidan maƙwabciyata, Hajiya mai ƙuli-ƙuli. Mu uku ne na kullum: Hajiya, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, da wata unguwarzoma da ke karanta Faransanci kamar ruwa amma Hausa a rubuce ke ba ta ciwon kai, sai ni mai karantawa. Wasu matan unguwa kan shigo su fita. Hajiya ba ta sauraron labari shiru. Takan tsayar da ni ta zagi mugu, ta ba wa marainiya shawara, wani lokaci ta ce in koma baya don ba ta yarda da abin da ta ji ba. Doka ɗaya suka kafa mini: kada in riga su karantawa a gida. Hajiya ta ce in na san ƙarshe, muryata na tona asiri tun daga farko. Na yarda, na kuma riƙe dokar da gaske. Sabon littafi a jakata yake kwana har Asabar.

A cikin duk marubutan da muka karanta, ɗaya ce ta kama ni. Wata mata ce daga can ƙetaren iyaka. Sauran suna cika littafi da manyan gidaje da motoci, ita kuwa mutanenta masu awo ne da masu wanki da malaman ƙauye. In ta rubuta yadda mace ke zama a bakin murhu bayan an ɓata mata rai, sai in ajiye littafin in yi tagumi, don na san wannan zaman. A bayan kowane littafinta akwai lambar waya. Shekara biyu ina kallon lambar kafin in yi ƙarfin hali in aika mata saƙon murya. Na gaishe ta, na ce ni malama ce a Tasawa, na gaya mata yadda Hajiya ta ƙi cin tuwo ranar da wata tsohuwa ta mutu a littafinta.

Ban yi zaton amsa ba. Washegari sai ga muryarta, tana dariya, tana cewa in gaishe da Hajiya.

Daga nan muka saba. Anti nake ce mata, ita kuma tana ce mini ƙanwata ta Nijar. Takan tambaye ni yadda muke kiran abubuwa a nan, in gaya mata littafin rubutu kaye ne, biro bik, alli kuma lakire, ta yi ta maimaitawa tana jin daɗi. Takan tambaye ni me na gani a littafinta kaza, in gaya mata gaskiya, har inda na ga ta yi gaggawa. Ta ce mini a duk masu kiranta ni kaɗai ke karanta ta da ido biyu. Ba zan ɓoye ba, wannan magana ta shiga kaina. In sabon littafinta ya fito, ta hannun direba take aiko mini da nawa, da rubutun hannunta a shafin farko. Haka muka yi shekara uku, ba mu taɓa ganin juna ba.

Sai mahaifiyarta ta rasu. Na kira ta na yi mata ta'aziyya. Bayan an yi arba'in ta kira ni da kanta, wata rana da tsakar rana, yara sun tafi gida, ina zaune ni kaɗai a aji ina duba kaye. Ta yi ta ba ni labarin mahaifiyarta, tana kuka. Can ta ce, "Ke fa, ƙanwata? Ba ki taɓa yi mini maganar taki ba. Tana raye?"

Na ce tana raye. Sai na ji bakina ya buɗe.

Ga abin da na gaya mata. Innata Bafillatana ce, daga gidan makiyaya. Ina shekara biyar suka rabu da Baba, ta koma wajen danginta, aka bar mu hannun Gwaggo. Ba faɗa aka yi na a zo a gani ba, zaman ne ya ƙare. Takan zo ganinmu in shanunsu sun matso kusa. A hannunta na hagu ɗan yatsan kusa da ƙarami guntu ne, igiyar saniya ta tsinke shi tun tana budurwa. Da wannan hannun take shafa kaina.

Da na shiga kolej sai na faɗa cikin ƙawaye biyu, ɗiyan ma'aikata da aka turo Mayahi, masu takalma masu kyau da Faransanci a baki. Suka tambaye ni uwata, na ce ta rasu. Ban san dalilin da ya sa na zaɓi wannan ƙaryar ba, ita ce dai ta zo. Wata ranar kasuwa muka biyo ta wajen masu nono mu uku. Inna na zaune a layin, ƙwaryarta a gaba, faifai a rufe. Ta gan ni kafin in gan ta. Ta miƙe tsaye, ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi. Ƙawayena suka juyo suka ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Wata mai kawo mana nono ce."

Inna ta ji. Ta dube ni, ta dubi ƙawayen, ta dubi takalmansu. Sai ta koma ta zauna, ta ce, "E, ni ka kai musu nono." Ta buɗe faifai, ta zuba mana a ƙoƙo, ta ƙara ludayi ɗaya ta ce gyara ne. Muka sha a tsaye. Na sha har ƙarshe.

Shekara goma sha huɗu nake a lokacin. Ba mu taɓa tada maganar ba, ni da Inna. Na girma, na yi aure ta zo biki, na haihu ta zo suna, ina aika mata da turmin atamfa da sabulu duk salla. Amma ranar na nan tsakaninmu, ba mai taɓa ta.

Na gama. Ina jin numfashin Anti a wayar. Na ce, "Anti, ko mijina bai san wannan ba. Ko Yaya." Ta ce, "Ya tsaya tsakanina da ke da Allah. Yarinta ce, ƙanwata. Ki yafe wa kanki." Na kife kaina a kan tebur na yi kukan da na shekara ashirin ina riƙewa. Ranar na koma gida sakayau, har mijina ya tambaye ni ko albishir aka yi mini.

Bayan haka saƙonninta suka ragu. Ta ce rubutu ya riƙe ta. Na yi mata addu'a.

Shekara ɗaya da ƴan watanni, dattijo mai tebur ya kira ni ina wucewa a kabu-kabu. Ya ce, "Madam, sabon na mutuniyarki ya zo. Na ajiye miki ɗaya, don mata sun yi mishi ca." Na yi mamaki, don ba ta aiko mini ba, ba ta ma gaya mini ya fito ba. Na ce wataƙila direba ne ya yi jinkiri. Na karɓa na sa a jaka, ban buɗe ba.

Asabar ta farko ba abin da ya faru. Labarin wata yarinya ne mai ƙoƙari a makaranta, a wani gari da aka ƙirƙira, a ƙasarmu. Na ga lakwal, na ga kaye, na ji daɗi, har na ce wa su Hajiya ni na koya mata waɗannan kalmomi. Unguwarzoma ta ce to yau kuma mun shiga littafi.

Asabar ta biyu mata sun fi yawa, don labari ya zaga unguwa. Muna kan tabarma a inuwar katanga, Hajiya na murza tunkuza. Na juya shafi, sai ga yarinyar ta shiga kasuwa da ƙawaye biyu. Idona ya riga bakina da layi biyu, na ga layin masu nono. Na ga ƙwarya da faifai. Na ga hannun hagu, da guntun yatsa, da igiyar saniya.

Na tsaya.

Hajiya ta ce, "Mi ya faru? Ci gaba mana."

Na ce ƙura ce ta shiga maƙogwarona. Aka miƙo mini ruwa a moɗa, na sha. Da zan iya tashi a lokacin da na tashi, amma na san in na rufe littafin a nan, kowa zai tambayi dalili. Sai na ci gaba. Da bakina na karanta musu, "Wata mai kawo mana nono ce." Da bakina na karanta amsar Inna, kalma bayan kalma, har da ludayin gyara. Anti ba ta canza ko harafi ba. Har yadda Inna ta dubi takalman.

Hajiya ta saki tunkuzar ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Wagga ɗiya ba ta gamawa lafiya! Uwar da ta ɗauke ki wata tara?" Wata daga cikin masu shigowa ta ce da ɗiyarta ce da ta tsine mata a tsakiyar kasuwar. Wata ta ce irin su ne in sun yi boko sai su ga iyayensu kamar datti. Unguwarzoma ce kaɗai ta ce, "Ku bi a hankali, yarinya ce, shekara nawa gare ta?" Suka taso mata. Hajiya ta ce yarinta ba hauka ba ce.

Sai ta juyo gare ni. "Madam, ke mai koya wa yara, mi kika gani?"

Na ce, "Ba ta kyauta ba."

Da na koma gida na karya dokarmu a karon farko. A daren da fitila na ƙarasa littafin a tsaye, a bayan ɗaki. Abin da ya biyo bayan kasuwar ba nawa ba ne. A littafin, uwar ta tashi da yamma za ta koma ruga, hawaye ya rufe mata ido, mota ta buge ta a bakin hanya ta mutu. Yarinyar ba ta je jana'iza ba. Ta girma ta zama malamar makaranta mai girman kai, ta yi aure ba ta haihu ba, daga ƙarshe ta haukace tana bin kasuwanni tana neman mai guntun yatsa. A shafin ƙarshe Anti ta rubuta nasiha ga ƴan mata, su ji tsoron Allah game da iyayensu.

Malamar makaranta. Ko wannan ba ta bar mini ba.

Kwana uku ban kira ta ba. Ina zuwa aji, ina rubutu a allo, ina dawowa. A rana ta huɗu Yaya ta kira ni daga Mayahi. Yaya ba ta karatun littattafai, amma yanzu akwai masu karanta su da murya a sa a waya, kuma a gidan mai kitso ta ji ana saurare. Ba ta ko gaishe ni ba.

Ta ce, "Ke, yatsan Inna ne na ji cikin waya?"

Ba ta jira amsata ba.

"Mace nawa ke da guntun yatsa na igiyar saniya, a hannun hagu, tana saida nono, ɗiyarta na lakwal? Mu biyu ne ɗiyanta mata. Ni ban yi kolej ba."

Na ce, "Ni ce, Yaya."

Ina jin kukan akuya a bayanta. Can ta ce, "Kin yi, kin ɓoye, wannan tsakaninki da ita ne. Amma ki rasa wanda za ki ba sai mai saida magana?" Ta ce mai kitson ma ta dube ta sau biyu, don ta san Inna. Ta kashe wayar.

A ranar na kira Anti. Ta ɗauka da fara'a, "Ƙanwata ta Nijar! Kin ɓuya." Na ce na karanta. Ta ce ai tana ta son aiko mini, abubuwa ne suka yi yawa. Ta ce ya na gan shi.

Na ce, "Anti, kin ce tsakaninki da ni da Allah."

Muryarta ta sauka kaɗan. Ta ce ai ba ta ambaci sunana ba, ba ta ambaci garinmu ba. Ta ce marubuci da abin da ya ji yake aiki, ba wanda ke ƙirƙira daga iska. Ta ce ko na san mutum nawa suka kira ta suna kuka, suka ce saboda littafin nan sun je sun nemi gafarar iyayensu. Ta ce lada ce, kuma ina da kaso a ciki.

Na ce, "Yayata ta gane yatsan."

Ta ce, "Ayya. Yatsan ne ya riƙe labarin, ƙanwata. Na gwada cire shi, sai wurin ya mutu."

Wannan maganar ta fi kome yi mini ciwo, don ta nuna mini ta zauna ta yi tunani. Ba mantuwa ba ce. Ta ɗora ni a gefe ɗaya, ta ɗora shafinta a ɗaya gefen, ta ga wanda ya fi mata nauyi.

Na ce, "Kin kashe ta. Tana raye, kin sa mota ta take ta. Ni kuma kin haukata ni. Ke da bakinki kika ce yarinta ce, in yafe wa kaina."

Ta ce, "Wannan ke na gaya wa. Masu karatu ba za su yarda a bar ta haka ba. In ba a hukunta ta ba, sai su ce na goyi bayanta." Sai ta ƙara da cewa in ina so, in za a sake buga shi, za ta sa sunana a shafin godiya.

Ban san lokacin da na yi dariya ba. Na ce ta bar shi. Na ce Allah ya ba da kasuwa. Ban sake kiranta ba, ita ma sau ɗaya ta aiko saƙo da salla, ban buɗe ba.

Amma littafin bai ƙare a gidan Hajiya ba, saura Asabar uku. Na karanta musu shi har ƙarshe, don ban sami hanyar ƙi ba. Ranar da yarinyar ta haukace, Hajiya ta ce alhamdu lillahi, yanzu ta ji sanyi. Ta kawo mana ƙuli-ƙuli mai zafi a faranti. Matar nan ita ta zauna da ni kwana bakwai lokacin da na haihu, ita ke gasa mini jiki. Ina kallonta tana murnar haukata, ba ta sani ba, ni kuma ba zan iya jin haushinta ba.

Da kaka ta yi, aka cire amfanin gona, makiyaya suka sauko da shanu cikin karan gero a wajen Attantane. Yaya ta aiko mini cewa Inna na can, kuma gara ta ji daga bakina kafin ta ji daga wayar wani a kasuwa. Na shiga mota zuwa Mayahi, daga nan na hau babur.

Na iske ta da hantsi tana wanke ƙore a bayan bukka. Ta tsufa, amma bayanta a miƙe yake. Ta yi murna, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na kasa sha. Na ce, "Inna, magana ta kawo ni."

Na fara da ranar kasuwa. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Na sani. Ina wurin."

Na ce ina neman gafara. Ta ce ta yafe tun kafin ta rufe faifan, in bar wannan. Sai na gaya mata sauran: cewa na ba wata mata labarin, matar ta sa shi a littafi, ana karanta shi a Tasawa da Mayahi da Maraɗi da ƙetare, har da yatsanta.

Ta dubi hannunta na hagu kamar yau ta fara ganinsa. Ta juya shi.

Ta ce, "Matar, ƴar uwarku ce ta wajen ubanki?"

Na ce a'a.

"Ƙawarki ce ta lakwal?"

Na ce ban taɓa ganinta ba, a waya muka saba.

Inna ta ce, a hankali, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ranar da abin ya faru, ƙanwata na zaune kusa da ni a layin. Ta tambaye ni, wannan ba ɗiyarki ba ce? Na ce mata a'a, kama ce. Har ta mutu ba ta sani ba. Ubanki bai sani ba. Gwaggonki ba ta sani ba. Shekara ashirin ina rufe miki shi, don kada a ce ɗiyata ta yi haka." Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. "Ni na rufe. Ke kika kai wa wadda ba ki taɓa gani ba."

Duk hanyar da na biyo ina shirya yadda zan gaya mata an ci amanata. Ban taɓa tunanin abin ba nawa ba ne ni kaɗai.

Can ta ce, "A littafin, mi ya same ni?"

Na ce, "Kin rasu, Inna. Mota ce."

"Ke fa?"

"Na haukace."

Ta girgiza kai. Ta ce, "Matar nan ba ta da imani." Ta tambaye ni ko za a iya tattara littattafan a ƙone. Na ce sun yi yawa, kuma yanzu yana cikin wayoyi. Ta ce to shi ke nan. Ta ce daga yau in za ta shiga kasuwa sai ta rufe hannun da gefen zane, don ba ta son a riƙa leƙen yatsanta ana nuna ta.

Na kwana biyu a wurinta. Ba ta sake tada maganar ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Ta sa ni tsince wake, ta yi mini faɗa don na bar maraƙi ya kai ga uwarsa kafin a yi tatsa. Ranar da zan tafi ta cika mini gora da man shanu ta ce na yara ne. Ta rako ni har bakin hanyar da babura ke bi. Akwai mutane uku a wurin suna jira, ɗaya na riƙe da waya a kunne. Inna ta tsaya nesa da su kaɗan, ta ja gefen zanenta ta rufe hannun hagu, da na dama ta yi mini sallama.